Sharhi kan ajin koyon Python na yamma a Zinder: darasin cire bayani daga ƙamus

Akwai wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta a wajen Sabon Gari, nan Zinder, wadda a da aikinta bai wuce koyar da buga rubutu da Word da Excel ba, sai ga shi ta buɗe ajin yamma na koyon rubuta manhaja da harshen Python domin waɗanda ba su taɓa yi ba. Na yi rajista a ajin ne saboda ni ke riƙe da lissafin kayan shagon hatsi da masarufi na gidanmu, kuma ina son in rage dogaro da littafi da biro. Da yake mutane suna yawan tambayata ko karatun ya cancanci kuɗin da ake biya, na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona. Zan ɗauki darasi guda in auna ajin da shi, wato darasin cire bayani daga ƙamus (wata ma'ajiyar bayanai ce a Python), domin a nan ne ƙwarewar malamin ta fi fitowa fili, a nan ne kuma raunin cibiyar ya bayyana. Abin da na tsaya a kai shi ne, malamin ya fi takardun da ake raba wa ɗalibai inganci nesa ba kusa ba, kuma wanda ya shiga ajin zai amfana matuƙar ya riƙe abin da aka gwada a gabansa a kan na'ura.

Ɗakin karatun ɗaya ne, kwamfutocin kuwa ba su kai yawan ɗalibai ba, saboda haka galibi mutum biyu ke zama a gaban na'ura ɗaya. Ana farawa bayan la'asar, a dakata a yi sallar magariba, sannan a ci gaba har zuwa isha'i. Wannan lokaci ya yi wa ma'aikata da masu shago daidai, ko da yake matan da ke zuwa daga unguwanni masu nisa sukan tashi kafin a gama domin su sami kabu-kabu tun dare bai yi ba, kuma abin takaici, sashen da suke rasawa shi ne na gwaji da hannu. Cikin ɗaliban akwai ƴan jami'ar André Salifou, akwai waɗanda suka gama lise suna jiran abin da zai biyo baya, akwai kuma irinmu masu sana'a daga Birni da Zango. Cibiyar tana da farantin hasken rana da batura, amma ƙarfinsu bai wuce riƙe fitilu da kwamfutocin hannu ba. Idan wuta ta ɗauke, manyan kwamfutocin tebur sukan mutu tare da duk abin da ba a adana ba, fanka ma ta tsaya, kuma duk wanda ya san zafin Damagaram a watannin Afrilu da Mayu ya san yadda zama zai kasance a ɗaki rufaffe.

Akwai wata matsala da mai kallo daga waje zai raina, alhali tana cin lokaci sosai a darasin ƙamus musamman. Wasu daga cikin na'urorin suna da allon madannai irin na Faransa, wanda haruffansa suka fara da AZERTY, wasu kuma an shigo da su daga Kano da allo irin na Ingilishi mai farawa da QWERTY. Ƙamus a Python ba ya rubutuwa sai da bakan nan masu lanƙwasa da kuma masu kusurwa. A allon Ingilishi suna da madannansu a fili kusa da harafin P, amma a allon Faransa sai an riƙe AltGr an danna 4 kafin a sami baka mai lanƙwasa ta buɗewa, a danna 5 a sami mai kusurwa, na rufewa kuma suna can ƙarshen layin lambobi. Ɗalibin da ya saba da wata na'ura jiya, yau ya sami kansa a gaban wata, sai ya ɓata wani sashe na darasin yana lalube. Malamin ya lura da haka, ya zana wuraren madannan a gefen allo ya bar su ba a gogewa. Wannan ƙaramin abu ne, amma ya nuna mini cewa mutumin yana kallon hannun ɗalibansa.

Ga wanda bai sani ba, Python harshe ne na ba kwamfuta umarni wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Ƙamus kuwa, wanda Python ke kira dict, ma'ajiya ce da ke haɗa abu biyu-biyu: mabuɗi, da ƙimar da ke tare da shi. Malamin bai ɗauko misalin wata ƙasa ba, ya tambayi ɗalibai abin da ake sayarwa a shagunan unguwa, ya rubuta wannan:

kaya = {"gero": 12, "dawa": 7, "shinkafa": 0, "man gyaɗa": 4, "sukari": 0}

Sunan kowane kaya shi ne mabuɗi, adadin buhu ko jarkar da ta rage kuma ita ce ƙima. Da wannan ƙamus ɗin aka yi darasin daga farko har ƙarshe, kuma na yaba da hakan, domin ɗalibi ba ya buƙatar sake fahimtar sabon misali kowane lokaci da aka zo da sabuwar hanya.

Hanyar farko da ya nuna ita ce umarnin del. Idan aka rubuta del kaya["dawa"], dawa da adadinta sun fita daga ƙamus, babu wata amsa da za a gani a allon na'ura, babu kuma tambayar ko ka tabbata. Ya sa kowa ya buga ƙamus ɗin kafin cirewa da bayan cirewa, ya kuma sa aka ƙirga shi da len domin a ga biyar sun koma huɗu. Daga nan ya ce kowa ya cire man gyaɗa, bai ƙara ko kalma ba. Kusan duk ajin suka rubuta sunan da d marar ƙugiya, domin babu ɗ a allon madannai, shi kuwa ya saka ta a ƙamus ɗin da ya raba. Nan take jajayen layuka suka cika na'urori, a ƙarshensu an rubuta KeyError tare da sunan da aka nema. Wasu suka ɗaga hannu suna cewa, Malam, na'urar ta ƙi, shi kuma ya ƙi gyara wa kowa. Ya ce a karanta layin ƙarshe na saƙon, a kwatanta sunan da ke ciki da wanda ke cikin ƙamus harafi bayan harafi. Wata ɗaliba da ke zaune kusa da ni ta kai yatsarta kan gilashin na'urar tana bin haruffan, har ta tsaya a kan ɗ, ta juyo ta ce wa abokiyar zamanta ai ba iri ɗaya ba ne. Daga wannan ya faɗaɗa bayanin: babban baƙi da ƙaramin baƙi daban suke a wurin Python, fili guda da ya maƙale a ƙarshen suna yana mai da shi wani mabuɗi, haka kuma lambar 1 da rubutun "1" abu biyu ne, wanda ke yawan kama masu karɓar bayani ta input, wato umarnin karɓar abin da mutum ya danna, domin abin da input ke mayarwa rubutu ne ko da mutum ya danna lambobi.

Gani ya kori ji. Da ya tsaya a gaban allo ya lissafa waɗannan a matsayin dokoki, da an rubuta su a littafi an manta. Akwai kuma wani dalili da ya sa wannan salo ya dace da Zinder. Mafi yawanmu da Faransanci muka yi makaranta, saƙonnin kuskure na Python kuwa da Ingilishi suke fitowa, saboda haka sabon ɗalibi yakan rufe idonsa daga gare su gaba ɗaya. Malamin yana koyarwa da Hausa yana haɗawa da Faransanci, kuma duk saƙon da ya fito sai ya fassara ma'anarsa, ya sa a rubuta shi a shafin ƙarshe na littafi tare da abin da ke jawo shi. Ya kuma nuna mana cewa bayanan Python na asali suna da fassarar Faransanci a intanet, ga wanda yake son ya duba da kansa.

Hanya ta biyu ita ce pop, kuma a nan ya daɗe. Bambancinta da del shi ne tana cire mabuɗin sannan ta miƙo maka ƙimar da ke tare da shi, ta yadda za ka iya ajiye ta ko ka yi lissafi da ita. Idan aka rubuta saura = kaya.pop("gero"), gero ya fita daga ƙamus, amma 12 ɗin nan ta zauna cikin saura. Mai shagon da zai kwashe ragowar gero daga wannan shago ya mayar wani, wannan ita ce hanyarsa, domin layi ɗaya ya cire kayan daga nan ya kuma gaya masa buhu nawa zai rubuta a can. Idan mabuɗin ba ya nan, pop ma tana kawo KeyError kamar del, sai dai tana karɓar abu na biyu wanda za ta mayar a madadin kuskuren. Wanda ya rubuta kaya.pop("wake", 0) zai sami sifili, manhajar kuma ta ci gaba da tafiya ba tare da tsayawa ba.

Ɗalibai sun yi murna da wannan, har wani ya ce to daga yau an huta da jan rubutu. Amsar da malamin ya bayar ita ce abin da na fi daraja a cikin karatun gaba ɗaya. Ya mayar da mu kan man gyaɗa, ya sa aka rubuta sunan da d marar ƙugiya cikin pop tare da sifili a matsayin madadi. Ba a ga kuskure ba, manhajar ta gama aiki lafiya, amma da aka buga ƙamus ɗin sai ga man gyaɗa na nan daram bai motsa ba. Wato mutum zai tashi yana tsammanin ya cire kaya daga lissafi alhali bai cire ba, kuma babu abin da zai gaya masa. Ƙa'idar da ya ba mu ita ce, idan ka san dole mabuɗin ya kasance a ciki, to ka yi amfani da del ko pop marar madadi, domin rashinsa alama ce ta cewa wani abu ya lalace tun baya, kuma gara manhajar ta tsaya ta faɗa maka. Madadi na wurin da rashin mabuɗin abu ne da aka saba da shi, kamar mai saye ya nemi a soke kayan da bai taɓa sa wa a jerinsa ba. Na karanta darussa da yawa a intanet da ke gabatar da pop mai madadi a matsayin hanyar da ta fi aminci kawai, su wuce. Ga wanda ke lissafin dukiyar mutane, wannan nasiha ce mai haɗari, kuma na ji daɗi da na ga an warware ta tun a matakin farko.

Ya kuma taɓo wani ruɗani da ya shafi aikina kai tsaye. Mayar da ƙimar kaya sifili, ko None (wato babu komai), ba cirewa ba ne. Shinkafa mai sifili tana nan cikin ƙamus, len na ƙirga ta, kuma idan aka yi amfani da kalmar Python "in" aka tambaya ko tana ciki, amsar ita ce eh. A harkar shago wannan bambanci yana da ma'ana: sifili na nufin kayan ya ƙare ana jiran a kawo, cirewa kuwa na nufin an daina sayar da shi. Wanda ya cire duk abin da ya ƙare zai rasa jerin abin da ya kamata ya sayo ranar kasuwa.

Inda darasin ya yi nauyi shi ne cirewa a cikin zagaye, wato yayin da manhaja ke bin abubuwan ƙamus ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne takardun cibiyar suka ba da kunya. Aikin da aka bayar shi ne a bi ƙamus ɗin, a cire duk kayan da adadinsa sifili ne. Takardar da aka raba mana ta rubuta maganin kamar haka:

for suna in kaya.keys():
    if kaya[suna] == 0:
        del kaya[suna]

Muka kwafa yadda yake, sai na'urorin suka amsa da RuntimeError, tare da bayanin cewa girman ƙamus ya sauya ana cikin zagaya shi. Wasu suka ɗauka su suka yi kuskuren kwafa, suka goge suka sake. Gaskiyar magana ita ce takardar tsohuwa ce, an rubuta ta ne domin Python 2. A wancan tsarin, keys tana ba da jeri ne mai zaman kansa, wato kwafin mabuɗan, saboda haka ana iya taɓa ƙamus ɗin ba tare da an dagula zagayen ba. Tun daga Python 3, wanda ya fito a 2008, keys ba ta yin kwafi, tana ba da taga ce da ke kallon ƙamus ɗin kansa, duk abin da ya sauya a ciki ana ganinsa nan take. An daina kula da Python 2 a hukumance tun ranar 1 ga Janairu 2020, kuma duk na'urorin cibiyar Python 3 ke kansu. Babu uzurin da zai sa a karɓi kuɗin mutane a miƙa musu takardar da ba ta dace da na'urar da ke gabansu ba. An bi takardar da biro an gyara wuraren da print, umarnin nuna rubutu a allo, ke buƙatar baka a Python 3, alamar wani ya san ta tsufa, amma ba a kai ga wannan shafi ba. Wanda ya rasa zuwa ranar, ya zauna a gida da takardar shi kaɗai, zai yi ta zargin kansa kan laifin da ba nasa ba.

Malamin bai kare takardar ba. Ya ce kowa ya ja layi a kan wannan sashe, sannan ya mai da matsalar darasi. Abin da ya fara nunawa, wanda ban taɓa lura da shi ba, shi ne halin da ƙamus ɗin ke ciki bayan manhajar ta tsaya. Ya sa aka buga shi, sai ga shinkafa ta fita, sukari kuwa yana nan. Cirewar farko ta riga ta auku, kuskuren ya taso ne a lokacin da zagayen ya nemi mabuɗi na gaba. Ma'ana, saƙon kuskure ba ya nufin ba a taɓa komai ba, aiki na iya tsayawa rabi da rabi, kuma wannan ya fi a ce ba a fara ba muni, domin mai lissafi bai san inda aka tsaya ba sai ya bincika.

Daga nan ya kawo mafita biyu. Ta farko ita ce a ɗauki kwafin mabuɗan da hannu kafin a fara, wato a rubuta for suna in list(kaya), sauran layukan su zauna yadda suke. Zagayen yana bin kwafin, cirewar kuma tana aukuwa a ƙamus na asali, babu wanda ya shiga hanyar wani. Ta biyu ita ce a bar tsohon ƙamus yadda yake, a gina sabo da abin da ake son riƙewa kawai:

akwai = {suna: adadi for suna, adadi in kaya.items() if adadi > 0}

Ya ce shi ya fi son ta biyu ga mai koyo, kuma na yarda da shi, domin bayanin asali yana nan idan sharaɗin da aka rubuta ya zo da kuskure. Sai dai ya yi saurin wuce wannan layi, alhali tsarin rubutunsa sabo ne ga yawancin ajin, kuma na ga mutane suna kwafa ba tare da sun gane dalilin da ya sa suna da adadi suka bayyana sau biyu ba. Da ya fara rubuta shi da zagaye na yau da kullum mai layi uku ko huɗu, sannan ya dunƙule shi, da ya fi shiga.

Sashen share ƙamus gaba ɗaya ya zo da kyau. Hanyoyi uku ne da suke kama da juna a ido, aikinsu kuwa daban. Idan aka kira kaya.clear(), ƙamus ɗin yana nan amma babu komai a cikinsa. Idan aka rubuta del kaya, sunan ne ya tafi, kuma wanda ya sake kiransa zai gamu da NameError. Idan kuma aka rubuta kaya = {}, an ɗaura sunan ne a kan sabon ƙamus marar komai, tsohon bai san an yi ba. Bambancin yana fitowa ne idan suna biyu na nuni ga ƙamus ɗaya. Malamin ya sa aka rubuta ajiya = kaya, aka kira clear a kan kaya, aka buga ajiya, sai ga ta fanko, ajin ya yi tsit domin kowa ya ɗauka ya yi kwafi. Ya kwatanta abin da rumbu ɗaya da mutum biyu ke kira nasu: idan ɗaya ya kwashe hatsin, ɗayan ma ya tarar da wayam, amma idan ɗaya ya je ya gina sabon rumbu ya koma can, hatsin tsohon rumbun yana nan ga wanda ya rage. Ban ga wanda ya sake tambaya bayan wannan ba.

Game da popitem bai ɓata lokaci ba, kuma hakan daidai ne, domin mai koyo ba ya yawan buƙatarta. Tana cire mabuɗi da ƙimar da aka saka a ƙarshe, ta mayar da su tare, idan kuma ƙamus fanko ne ta kawo KeyError. A nan ma takardar ta ce abin da za ta cire ba a san shi ba, wanda gaskiya ne a da. Tun daga Python 3.7 na shekarar 2018 harshen ya lamunce cewa ƙamus yana riƙe da tsarin da aka saka abubuwa a cikinsa, popitem kuma ta ƙarshe take ɗauka. Wani ɗan jami'a ya tambaya ko mabuɗin da aka cire aka sake sakawa yana komawa mazauninsa na da, malamin ya ce ya gwada ya gaya wa ajin. Ya gwada, mabuɗin ya koma ƙarshen layi.

Akwai abubuwan da na so a ce an koyar ba a koyar ba, kuma mafi girmansu shi ne batun kwafi na gaskiya. Bayan an nuna wa mutane cewa ajiya = kaya ba kwafi ba ne, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne a nuna musu kaya.copy(), a kuma gaya musu cewa Python ba ta da hanyar dawo da abin da aka cire idan ba a ajiye shi a wani wuri ba. An ambaci copy a jimla ɗaya ana shirin tashi. Ba a kuma faɗi cewa kwafinta na sama-sama ba ne: idan kowane kaya yana da ƙaramin ƙamus a cikinsa mai ɗauke da adadi da farashi, kwafin da na asalin suna tarayya a waɗannan ƙananan, wanda ya cire farashin gero daga ɗaya ya cire daga duka biyun, sai an yi amfani da deepcopy kafin a raba su. Duk wanda zai rubuta lissafin shago na gaske zai kai ga ƙamus cikin ƙamus tun da wuri, domin babu kayan da adadi kaɗai ke isar bayaninsa.

Haka kuma ba a bayyana dalilin da ya sa ake fifita ƙamus a kan jeri a irin wannan aiki ba. Python tana lissafa wata lamba daga mabuɗin, ta yi amfani da ita ta nufi wurin da yake kai tsaye, saboda haka cire abu ɗaya daga ƙamus mai kaya goma da mai kaya miliyan kusan lokaci ɗaya yake ɗauka. A jeri kuwa, remove sai ta bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya har ta sami wanda ake nema, sannan a matso da na bayansa su cike gurbin. Wannan ne ma ya sa mabuɗi dole ya zama abin da ba ya sauyawa, kamar rubutu ko lamba, jeri ba ya zama mabuɗi. Ba na cewa a shiga zurfin lissafin da sababbin ɗalibai, amma bayani na ƴan mintoci zai sa su san me suke riƙe da shi. Da na tambayi malamin bayan an tashi, ya yi mini bayanin a tsaye cikin sauƙi, wanda ya nuna ilimin yana nan, lokacin ne cibiyar ta matse.

Aikin gida ana yin sa ne a waya, domin kaɗan ne cikinmu ke da kwamfuta a gida. Malamin ya taimaka wa masu wayar Android suka sauke Pydroid 3, wadda ke gudanar da Python 3 ko babu intanet, kuma ya riƙa duba abin da aka rubuta a wayar kafin a fara darasi na gaba. Ga darasin ƙamus wayar ma ta fi sauƙi ta wata fuska, domin masu allon rubutun Hausa a wayarsu suna samun ɗ da ƙ da ɓ ba tare da wahala ba. Kuɗin karatun ana iya biyansa kashi-kashi, kuma idan aka kwatanta da abin da ake karɓa a nan garin domin koyon Excel, ban ga an tsawwala ba. Ana ba da takardar shaida a ƙarshe, amma kada wani ya shiga domin ita, ba ta da wani nauyi a wurin neman aiki sai abin da mutum zai iya nunawa da hannunsa.

Ajin ya dace da wanda bai taɓa rubuta umarni ko layi ɗaya ba, mai iya zuwa kullum, mai kuma haƙurin raba na'ura da wani. Wanda ya riga ya iya wani harshe, kamar ɗan jami'ar da ya yi C ko Java, zai ga tafiyar ta yi masa sanyi, sai dai ya ƙaru da salon malamin wajen karanta kuskure. Wanda aikinsa ba zai bar shi ya riƙa halarta ba, ina ba shi shawarar ya dakata har sai an sabunta takardun, domin su kaɗai ba za su kai shi ko'ina ba. Kafin a biya kuɗi, a nemi ganin takardun, a duba ko print tana da baka a duk inda ta fito, a kuma duba ko akwai has_key, tsohuwar hanyar duba ko mabuɗi yana ciki, a sashen ƙamus, domin an cire ta daga Python 3, kuma ganinta shaida ce cewa takardar ta tsufa. A kuma tambaya ko malamin da ya koyar a wannan zangon shi ne zai koyar a na gaba. An ce zango na biyu zai shiga adana bayani a fayil, inda za a ga cewa cire abu daga ƙamus ba ya taɓa abin da ke cikin fayil sai an sake rubuta shi, kuma na yi niyyar komawa idan shi ne zai koyar.